Idon Inna da Jirgin Yamai

Shekarar da fari ya kai mana iya wuya ina koyarwa a lakwal ɗin 'yan mata a Damagaram, kuma a shekarar ce yana ta rufe wa Inna ido. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama kuwa likita ya ce ana iya ceto shi, amma sai a Yamai, kuma kada mu yi sanya. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in ɗora tsohuwa a bayan kamiyo, babbar motar kaya, ta sha ƙura da jijjiga kwana da kwanaki.

Jirgin sama yana sauka garinmu, amma mu ƙararsa kawai muka sani. Na Turawa ne da manyan ma'aikata, sau da yawa ma yakan tashi rabinsa wayam. Sai aka ji gwamnati ta ɗauke wa matafiya wani kaso na kuɗin jirgi. Nan da nan kowa a Damagaram ya tashi da uzuri a Yamai. Fataken fata da a da sai dai su aika kaya a mota, yanzu su ne da kansu. Wani maƙwabcinmu ya tuna yana da ƙanwa a can, wadda ko gaisuwar salla ba ya aika mata. Ban ga laifinsu ba, abin da muka saba hange ne ya sauko inda hannu zai kai. Amma na ji haushinsu ranar da na yini tsaye a biro, ofishin 'yan jirgi, ina neman kujera biyu.

Na samu kuwa. Na dawo gida da murna, na ce wa Inna gwamnati ta yi taimako, a jirgi za mu tafi. Kalmar nan ce ta ɓata komai. A lokacin idan aka ce taimako abu ɗaya ake nufi, jar dawar nan da ake raba wa mutanen da yunwa ta koro daga ƙauyuka suka zube wajen Kara-Kara. Inna jikar mutanen Barno ce, ta tashi a gidan da ake ci a bayar. Ta ce ba za ta ci taimako da cikinta a ƙoshe ba alhali 'ya'yan mutane suna layi a rana. Na yi ta bayani, na ce kuɗin jirgi daban, na hatsi daban.

Ta juyo da fuskarta inda take jin muryata. “Gwamnatin aljihu biyu gare ta?”

Na roƙe ta, Kawu ya zo ya roƙe ta, ta kafe. Jirgi ya tashi ba mu, kujerunmu kuwa ko sanyi ba su yi ba wasu suka hau. Na yi fushi da ita sosai, ina kuma jin tausayinta duk sanda na ga tana lalube ta wuce butar da ke gabanta.

A zaurenmu akwai wata mata 'yar Gaffati da yaranta. Ita ke kawo mana gero kowace kaka tun ina ƙarama, amma a shekarar ko iri ba ta tsira da shi ba, mijinta kuma ya yi kudu neman aiki. Kullum da safe takan ɗauki ƙwarya ta tafi layi, sauran kuma mu cika daga ɗan albashina. Duk gardamarmu a kunnenta muka yi. Wata rana da hantsi ta shigo, ta durƙusa ta gaida Inna, ta yi magana a hankali.

“Inna, ni da nake bin layin nan kullum, ashe abin kunya nake shigowa da shi gidanki?”

Inna ta rantse mata ba haka take nufi ba.

“To ki je a gyara miki ido. Ni na karɓi nawa, ke ma ki karɓi naki.”

A ranar Inna ta yarda za ta je. Na koma biro, na tarar layin ya fi na da. Aka ce jirgi a cike yake har makonni masu zuwa. Muka zauna jira, ni kuwa kullum ina tsoron kada mu makara, don Inna ta daina bambance ni da ƙanwata sai mun yi magana. Da kyar muka samu wuri. A sama ta riƙa salati tana tambayata me nake gani a ƙasa. Na ce jan rairayi ne, babu ko ɗigon kore.

Ranar da aka kwance mata bandeji a Yamai ina tsaye gaban gadon. Ta buɗe idon a hankali, ta kafa mini shi har na sare, na ce a raina mun makara.

“Ke, yaushe kika rame haka?”

Na ce aikin lakwal ne. Ba ta yarda ba. Ta dubi wuyana, ta dubi rigar da ke mini yawa.

“Ashe yunwar har cikin gidana take, ni ce ban gani ba.”

Sai hawaye ya zubo daga idon da aka gyara, malamar asibiti tana ta yi mata faɗa kada ta ɓata aiki.