Rana ta Takwas ta Jikan Baba Okeke

Na daɗe da ajiye farin kaya, amma har yau ban manta da ranar da Baba Okeke ya shigo ɗakin masu jego da sabon tawul a kafaɗa, ya ce ya zo ɗaukar jikansa ba. Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu kun sha tambayata abin da ya fi tsaya mini a rai a duk zamana na ungozoma. To ga shi.

A lokacin ina ƙaramar ungozoma, wato matakin da ake fara ajiye mutum idan ya fito daga makaranta, kafin ya kai sista. A samana akwai sistar ɗaki, a samanta kuma akwai Metron, wadda duk nas ɗin asibiti ke ƙarƙashinta. Tamu Metron ɗin Mama Hannatu ce, mutuniyar Kachia, doguwa, mai tafiya a hankali, ba ta ɗaga murya amma ba a tsallake maganarta. Likita ɗaya ne ke duba yara, da safe yake zagaye, sauran yinin mu ne da jarirai. Wayar hannu ba ta zo ba tukuna. Jirgin ƙasa kuwa yana nan da ransa, muna cikin aiki za mu ji kukansa daga tasha, masu jego 'yan kwatas ɗin reluwe su ce ga na Fatakwal nan ya iso.

Baba Okeke tsohon direban jirgi ne, Ibo, ya zo Kafanchan tun yana saurayi. Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai bai damu da bambanta mace da namiji ba, kowa "shi" ne a wurinsa. Duk garin an san shi da abu ɗaya. Ya gaskata har cikin ransa cewa mutanensa zuriyar Isra'ila ne, daga cikin kabilun nan da aka kwashe aka warwatsa har aka rasa inda suka shiga. A faɗarsa, wata kabila daga cikinsu ta biyo ta Masar, ta yi ta gangarowa har ta zauna a ƙasar Ibo. Idan ka tsaya zai jera maka hujjojinsa: kakanninsa suna yi wa yaro kaciya a rana ta takwas tun kafin zuwan mishan, suna keɓe mai jego, ba sa taɓa sabuwar doya sai an miƙa ta fari. Yana da 'yar ƙaramar jama'a da ke taruwa a zaurensa ranar Asabar, da fararen riguna da ƙananan huluna. Mutanen gari suna kiransa Bayahuden reluwe, shi kuma yana amsawa da dariya.

Matar ɗansa Chidi ce ta haihu a hannuna. Sunanta Ladi, 'yar garin Gidan Waya, yarinya mai kunya, mai ƙaramar murya. Iyayenta masu kiwon alade ne, amma tun da ta shiga gidan Baba ta bar cin naman, tana kuma zama a bayan zaure ranar Asabar tana sauraron koyarwarsa. Mijin nata an tura shi aiki can wajen Bauchi, saƙon haihuwar ma ta hannun ma'aikatan jirgi aka aika masa.

Yaron ya zo kafin lokacinsa, ƙarami ne. Kwana kaɗan da haihuwa na buɗe shi zan yi masa wanka, sai na ga idanunsa da tafin ƙafarsa sun yi ruwan ɗorawa. Shawara ce, kuma ta hau da sauri. Ga wanda ba ya aikin, shawarar jarirai iri biyu ce, akwai mai wucewa da kanta, akwai wadda in an yi sakaci takan hau kai, yaro ya mutu ko ya tashi ba ya ji, ba ya iya riƙe wuyansa. Likita ya duba ya ce a sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Akwati ne na katako da dogayen ƙwayaye a sama, a tuɓe yaro, a rufe masa ido da ƙyalle, a riƙa juya shi, ana fito da shi shan nono kawai. Ya kuma ce kada wanda ya yi maganar kaciya sai shawarar ta sauka yaron ya yi ƙwari, domin a wannan hali jini yana iya ƙin tsayawa.

Ana gobe rana ta takwas Baba ya zo. Damina ce, an yi ruwa da safe, takalminsa duk jar laka. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi mutanen gida, sannan ya ce gobe ne ranar alkawari, ya riga ya kira mai yin kaciyar, dattawa ma za su taru, saboda haka zai tafi da yaro da uwarsa yau. Na yi masa bayanin abin da likita ya ce. Ya saurara har na gama, ya ce ya ji, amma likita bai girmi wanda ya sa dokar ba. Na ce to sai na kira Metron.

A ƙa'idar asibiti, idan dangi suka nace za su ɗauki mara lafiya ba da yardar likita ba, akwai takardar da suke sa wa hannu, daga nan ba mu da ikon riƙe kowa. Mama Hannatu ta zo, ta ji ta bakinsa, ta ce masa takardar tana ofis, kuma uwar yaro ce za ta sa hannu tun da uban ba ya nan. Muka dubi Ladi. Tana zaune a bakin gado ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zaninta. Na san in Baba ya ce ta sa hannu, sawa za ta yi.

Metron ta ja ni gefe. Ta ce ita za ta je neman takardar, kuma ba ta jin za ta same ta da wuri. Ni kuma in kai Baba baranda, in ba shi kujera, kada in yi masa gardama a kan addininsa ko da kalma ɗaya, in tambaye shi kawai abin da yake tsoro.

Haka na yi. Na kawo masa shayi muka zauna a baranda muna kallon ruwa na ɗiga daga kwano. Da farko ya ɗauko mini tarihin kabilu, wane ya haifi wane, wa ya bi ta ina. Na bar shi ya yi ta yi. Da ya tsagaita na ce, "Baba, in an ƙara mako biyu ko uku, me kake ganin zai sami yaron?"

Ya ajiye kofin shayinsa. Sannan ya ba ni labarin da ya ce ko Chidi bai taɓa ji daga bakinsa ba. Lokacin rikicin da ya kawo yaƙin basasa, sun bar Kafanchan a guje, shi da matarsa da tsohon ciki. A hanya ta haihu, a wani ƙauye da bai ma san sunansa ba. Ɗansu na fari ke nan. Rana ta takwas ta same su suna tafe a ƙasa, babu mai yi, babu reza, babu ko ruwan kirki. Ya ce a bari sai sun isa gida. Ba su isa da shi ba. Da hannunsa ya haƙa ramin a bakin wata gona. Bayan yaƙi ya dawo Kafanchan, ya tarar maƙwabcinsa ya riƙe masa ɗakinsa da kayansa, ya koma aikin jirgi, aka haifi Chidi. Amma tun daga ranar yake ɗauke da abu ɗaya a ƙirji, cewa shi ya karya alkawari, shi ya sa aka karɓe yaron.

"'Yata," in ji shi, "sau ɗaya na ce a jira. Ba zan ƙara faɗa ba."

Duk karatun da na yi a makaranta babu inda aka koya mini amsar wannan. Ashe tagar ɗakin a buɗe take, gadon Ladi kuma yana jikinta. Sai ga ta ta fito tana dafa bango, ta zo ta durƙusa a gabansa, abin da bai kamata mai ɗanyen jego ta yi ba. Ta ce, "Baba, ba kai ka koya mana ba? Ka ce yaran da aka haifa wa Isra'ila a jeji ba a yi musu kaciya ba, sai da suka haye kogi suka huta. Ka ce Ubangiji bai yashe su ba, shi ya ciyar da su a hanya. Baba, ni da yaron nan a jeji muke. Ka bari mu haye."

Tsohon ya zuba mata ido. Na ga leɓensa yana motsi kamar yana bin labarin a ransa, yana duba ko haka yake. Can ya cire 'yar hularsa, ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suka fara girgiza. Kukan nan na daɗe ban ga irinsa ba, kuma na san ba na jikan ba ne kaɗai. Da ya lafa ya ɗago Ladi da hannunsa, ya ce ta koma ta kwanta. Ya ce shekara da shekaru yana koya wa mutane wannan wurin, bai taɓa tunanin da ɗansa na bakin gona ake ba.

Mama Hannatu ta dawo hannu wofi, ta ce ba ta ga takardar ba. Baba ya ce ta bar nemanta. Sai ya roƙi abu ɗaya, ko za a bar shi ya zo gobe da dattawansa su yi addu'a, don kada ranar ta wuce shiru. Dokar ɗakin jarirai ba ta yarda da taro ba, amma Metron ta ce baranda ba ɗaki ba ce, mutum huɗu, bayan zagayen likita, kuma kowa ya wanke hannu.

Washegari suka zo da fararen rigunansu. Na fito da yaron daga ƙarƙashin fitila na ɗan lokaci, na naɗe shi a tawul ɗin da kakan ya kawo, na tsaya da shi a bakin taga. Suka yi waƙa a hankali, rabi da Ibo, rabi da wani harshe da suka ce Ibrananci ne. Masu jego, Kirista da Musulmi, suka leƙo suna kallo, wata tsohuwa Bafulatana da ta zo jinyar 'yarta har da cewa amin. Baba ya raɗa masa suna Joshuwa. Na mayar da shi akwatinsa.

Shawarar ta sauka. Da yaron ya yi nauyi likita ya ba da izini, aka yi kaciyar a asibiti, Baba yana tsaye yana karatunsa, Chidi ma ya samu ya zo. Ranar da aka yi liyafa a kwatas ɗin reluwe aka aiko a kira ni da Metron. Muka ci shinkafa da naman akuya, Baba ya zaunar da ni kusa da shi yana yi mini tambayoyi a kan al'adun mutanenmu na Samaru Kataf, yadda muke bikin girbi, yadda muke binne mamaci. Duk abin da na faɗa sai ya kaɗa kai ya ce lalle mu ma a bincike mu, wataƙila 'yan'uwa ne da suka tsaya a hanya. Na ce masa kakata dai daga bayan dutse ta ce mun fito. Ya ce ai Isra'ila ma ta dutse suka bi.

Baba Okeke ya rasu da daɗewa, Mama Hannatu ma haka. Jama'ar zauren nan ta watse, wasu sun koma gabas, kwatas ɗin ya zama kufai. Ko Ibo daga Isra'ila suka fito, ni ban sani ba, masana ma na ji ba su daidaita ba, kuma ba aikina ba ne in raba wannan gardama.

Abin da na ɗauka na riƙe har na yi ritaya shi ne wannan. Duk wanda ya tsaya a gabanku yana cewa al'adarsa ko addininsa ya hana abin da likita ya ce, kada ku yi saurin kiransa jahili, kada kuma ku yi saurin miƙa masa takarda don ku huta. Sau da yawa akwai wani kabari a bayan taurin kan nan, wanda bai taɓa nuna wa kowa ba. Ku ba shi kujera. Ku tambaye shi abin da yake tsoro, ku yi shiru ya faɗa. Magani namu ne, mun iya shi. Amma maganar da za ta sa mutum ya bar mana ɗansa, galibi a cikin gidansa take, a bakin wanda ba a saba jin muryarsa ba.