Kadijatu da Tsibin Ɓuntu

Duk wanda ya san bayan tasha a Sabon Birni ya san Kadijatu mai ƙosai, 'yar guntuwar mace mai kaifin baki. 'Yan bindiga ne suka koro ta daga Gatawa, ita da mijinta Malam Jibrilla, suka sami ɗaki a unguwar da ke jikin injin casar shinkafa na Alhaji Ɗanmusa. Malam kuwa Allah ya yi masa murya, nan da nan aka ba shi ladancin masallacin unguwa.

To, injin nan shi ne masifar. Ɓuntun shinkafa yake amayarwa tsibi guda, in ya taru ma'aikata su cinna masa wuta. Shi ko ɓuntu in an bar shi a zube ba ya ci, turnuƙewa yake yi kwana da kwanaki. Shanya ta yi wari, ido ya yi ja, yara su yi ta tari. Ƙirjin Malam ya fara ƙugi, har wata rana tari ya sarƙe shi ana tsakiyar kiran la'asar, sai wani ne ya ƙarasa. A asibiti aka ce ko ya bar hayaƙin nan, ko hayaƙin ya kwantar da shi. Ya bar shi ya tafi ina, fisabilillahi? Gatawa?

Mazan unguwa suka je wa Alhaji da kuka. Ya ce shi ma abin ya ishe shi, mai inda zai kai ɓuntun ya zo ya ɗiba. Suka dawo jiki a sanyaye.

Kadijatu na jin haka ta miƙe. Itacen girki ya gagara, don ba mai shiga daji yanzu, ga kuma abin hura wuta ana ƙonawa a banza a ƙofar gida. Ta tuna yadda kakarta take girki da ɓuntu. Ta samo babban gwangwani, ta huda gindinsa, ta tsayar da taɓarya a tsakiya, ta zuba ɓuntu kewaye, ta zare taɓaryar ta sa wuta a ramin. Wallahi gwajin farko abin kunya ne. Ba ta danna shi sosai ba, ramin ya rufta, hayaƙi ya kori kowa daga gidan. Maƙwabciyarta Basira ta leƙo ta katanga ta ce, "Yaya, ashe Alhaji ya buɗe reshe a gidanku?"

Kadijatu ta zazzage gwangwanin ta sake cika shi. Washegari ta yayyafa wa ɓuntun ruwa, ta danƙare shi da ƙarfinta duka. Wuta ta taso tsaf ta cikin ramin, hayaƙin bai kai ya kawo ba. Murna ta hana ta zama. Ta kinkimi kasko da ƙullu sai ƙofar injin, ta hau suya a gaban kowa.

Alhaji ya fito ya ce, "Inna, mi kike yi nan?"

"Sharar taka nike ci da ita, Alhaji. Ka hana su sa wuta, za ni kawo maka masu kwasa."

Ta kuwa kawo. Mata da buhuna, masu waina, masu dafa shinkafa, har Basira mai tsiya da gwangwaninta. Kadijatu ta bi gida gida tana koyarwa, tana faɗa da duk wadda ta yi ragwancin danna ɓuntu. Kafin kaka ta fita, wurin tsibin ya zama fili.

Malam ya daɗe yana jinya, tana dama masa kunu tana sauraren ƙirjinsa. Ranar nan tana bakin kasko da la'asar sai ta ji kabbara ta tashi daga masallaci. Muryarsa ce, ta ɗan dishe, amma tasa ce. Ta tsaya cak da matsami a hannu, tana jiran inda tari ya saba tare shi. Ya wuce wurin, ya kai har ƙarshe.

Basira ta taɓa ta ta ce, "Yaya, ƙosanki ya ƙone."

Kadijatu ta share ido da bakin mayafi tana dariya. "Bar shi ya ƙone."