Askirim ɗin Gwaggo Kulu

Bana shekara biyar ke nan da rasuwar Gwaggo Kulu, ƙanwar mahaifina, mai shagon askirim a Gusau. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ni ba mai rubutu ba ce, karatuna bai wuce firamare ba, amma duk lokacin da watan rasuwarta ya zagayo sai maganarta ta cika mini ciki. Bana na ce bari in fitar da ita.

Shagon ba wani shago ba ne. Zauren gidanta ne ta raba da labule, gaba benci ɗaya da tsohuwar firiza mai gurnani, baya tabarma da tukwanenta. Madara daga wajen Furfuri ta ƙasar Bungudu ake kawo mata, wasu Fulani ne da suka saba da ita. Sai ta tafasa ta da kyau, ta zuba dabinon da ta daka, wani lokaci kwakwa, ta sa kwanon a bakin randa ya huce kafin ya shiga firiza. Randar, in ji ta, ta kakarsu ce, da ita ake sanyaya fura tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba. Daga nan sai wahala: ta fito da kwanon ta burga da maburgi, ta mayar, an jima ta sake fitowa da shi ta burga. Takan ce in ka bar madara ta daskare ita kaɗai, ƙanƙara za ka sayar wa mutane, su fasa haƙora su zage ka. Ranar da aka ɗauke wuta kuwa tamkar ranar salla ce ga yaran unguwa, don kafin askirim ɗin ya narke ta rabar da shi, tana bayarwa tana mita.

Yanzu garin ya cika da askirim na kamfani, ja da kore, cikin kofin roba. Maigidana ya taɓa sayo mana. Ina sha ina hango yadda Gwaggo za ta ɗanɗana, ta taɓe baki, ta tambayi wace saniya ce ke ba da koriyar madara. Amma na san da ta ga firizar nan mai aiki da hasken rana, da ta ishi mai ita da tambaya. Ba sabon abu ta ƙi ba, abin da aka yi da garaje ne ba ta so.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan ya faru ne ina sabuwar uwa a gidan aurena a Tsafe. Ɗana na fari bai daɗe da fara tafiya ba zazzaɓi ya kama shi. Zazzaɓin ya sauka, amma ya bar masa ƙuraje a baki. Ya ƙi nono, ya ƙi kunu, ko ruwa aka kai masa sai ya kau da kai. Ina kallo wuyansa yana zama siriri.

Kowa ya san yadda muke da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta rungumarsa gaban manya, ba ta nuna ya dame ta. Ni kuma mai tsoro ce tun ina yarinya, ko tari yaro ya yi sai gabana ya faɗi. To ga ni nan ina shara ina wanke-wanke kamar ba komi, kunnena na ɗakin surukata, Inna, wadda yake hannunta. Inna ba ta rage shi da komi ba, a bayanta yake wuni. Sai dai ita a ganinta mara lafiya abu mai zafi yake so, sanyi kuwa shi ke kama ƙirjin yaro. Kunu da tururinsa ake kai masa, ya taɓa ƙurajen, ya yi ta kuka. Na lura da haka, amma da wane baki zan faɗa?

Da abin ya ƙi, muka kawo shi asibiti Gusau, ni da Inna. Aka ba da magani, aka ce lallai a samu abin da zai shiga cikinsa, in ba haka ba sai ƙarin ruwa. Muka biya gidan Gwaggo mu yi azahar. Ta dubi yaron a bayan Inna, ta dube ni na tsaya nesa ina murza bakin mayafi.

"Hajiya, ki shiga ciki ki yi salla ki miƙe ƙafa," ta ce wa Inna. "Bar mini angon nawa, mun kwana biyu bai kawo cefane ba, yau sai ya yi mini bayani."

Inna ta yi dariya ta kwance shi. Tana shiga, Gwaggo ta ja ni bayan labule, ta ɗora mini shi a cinya, ta ɗebo askirim a ɗan kwano ta jira ya yi laushi. Na ce Gwaggo, sanyi fa.

"Bakin nan wuta yake ci, ku kuma kuna ƙara mai wuta. Amshi cokali."

Na kai masa, ya kau da kai. Na sake, ya runtse ido.

"Wa kike ba? Bango? Nan ba gidan surukai ba ne, ɗiyata. Kira shi da sunanshi."

Na duba labule, na duba ƙofa. Sannan na kira shi. Muryata ma ta zame mini baƙuwa. Ya buɗe ido ya dube ni, na shafa masa ɗan kaɗan a leɓe. Ya lasa, sai ya buɗe baki da kansa. Gwaggo ta koma gaban shago tana faɗa da wani mai saye, ta bar ni in yi kukana.

Inna ta fito ta ga fari a haɓarsa da kwano a hannuna. Ta daɗe tana kallonsa yana lasar cokali, sannan ta ce wa Gwaggo a cika mana kwanon sha mu tafi da shi gida.

"Kafin ku kai Tsafe ya koma madara, Hajiya. Ku dai zauna nan angona ya warke."

Muka zauna. Daga askirim ya karɓi kunu mai sanyi, daga nan ya koma nono, ba a kai ga ƙarin ruwa ba.

Yau zauren ya zama wurin cajin waya. Na gwada yin askirim ɗinta a gida, ƙanƙara nake samu, don ba ni da haƙurin burgawa irin nata. Yaron yana makaranta, ya fi kowa ci a gidan, kuma bai tuna ta ba sam. Nakan ji ciwon haka, sai in ga ai ba don a tuna ta ta yi ba. Tsorona ma yana nan, ko jiya sau nawa na taɓa goshin ƙanwarsa. Alkunyar ma ban bari ba, shi ya sa ba ku ga sunansa a rubutun nan ba. Abin da ta bar mini shi ne na san bakina na iya kiransa ranar da ya buƙata, kuma zai amsa.

Allah ya kai haske kabarinki, Gwaggo.