An Daɓe Garkar Gwaggo

Gidanmu yana gindin Goron Dutse, kuma ba wani babban gida ba ne. Zaure, turakar Baba, ɗakin Inna, ɗakin Gwaggo, madafa, sai wani ɗan fili a bayan ɗakin Gwaggo da bai wuce shimfiɗar tabarma shida ba. Filin nan shi ne garkarta, inda take shuka kayan miya. Ta kewaye shi da dangar kara saboda awaki, ta yi masa ƙyaure da wani tsohon asabari.

Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta dawo gida bayan mijinta ya rasu, tun ban yi wayo ba. Haihuwarta biyar, babu wanda ya kai yaye. Da biyun farko suka koma a gidan miji, sai aka riƙa kawo ta gida haihuwa, wai ko canjin wuri zai sa su zauna. Ba su zauna ba. A wancan zamanin jariri in ya koma ba a kai shi maƙabarta, a cikin gida ake sa shi. Ukun nan suna cikin garkar. Kowa a gidan ya sani. Ni ma na sani, kada wani ya yi mini uzuri da cewa ban sani ba. Wurare uku ne a jere ta gefen katanga da fartanyarta ba ta taɓa sauka a kansu, sai dai ta zagaye su da yakuwa.

Aikinta yana farawa tun bazara, lokacin da zafi ke hana kowa motsi. Ta share kashin awaki ta tara, ta haɗa da tokar murhu, ta watsa. Ta sauko da irinta daga rataye, ta zauna tana tsince marasa kyau ɗaya ɗaya. Ranar da hadari ya fara haɗuwa ta gabas sai ta jiƙa irin kuɓewa a ƙwarya, ko ruwan ya zo ko bai zo ba. Sau da yawa bai zuwa, Inna ta yi mata dariya, ita kuma ta sake jiƙa wani. In ruwan shuka ya sauka, kafin a gama karin kumallo ta gama: kuɓewa a tsakiya, rama ta gefen danga, masara layi biyu, kabewa kuma a gindin ɗaki don ta hau rufi. Ina ƙarama ni ke bin ta a baya ina rufe ramukan da diddige. Kuɓewar farko ta shekara ni take ba wa ɗanya, tana goge mata ƙaiƙayi da bakin zane. Ba na musun ina jin daɗin wannan. Amma abin da nake so a lokacin kuɓewar ce.

Ina shekara ta uku a makarantar kwana ta 'yan mata aka sa wa wana, babban ɗan gidanmu, ranar aure. Na dawo hutu na tarar da gida a tsaye cik a kan magana ɗaya: ina za a sa amarya? Wana a zaure yake kwana. Babu fili ko'ina sai garka. Iyayen yarinya sun aiko sau biyu suna tambayar ko an fara gini, domin suna so su san girman ɗaki kafin su gama haɗa jere.

Baba ba zai iya gaya wa yayarsa ba. Ita ta goya shi bayan uwarsu ta rasu, kuma a gidanmu ƙane ba ya buɗe baki ya ce wa yayarsa ta tashi daga nan. Kowace safiya sai ya je ƙofarta ya tsuguna.

"Yaya, an tashi lafiya?"

"Lafiya ƙalau, Malam. Ya kwanan iyali?"

"Alhamdu lillahi. Garka ta yi kyau bana."

"Ta yi. Ruwa ya zo a kan kari."

Sai ya dubi ƙasa, ya ce to Allah ya ba mu alheri, ya miƙe. Ta san abin da ya kawo shi. Shi ma ya san ta sani. Kwana goma sha ɗaya ina kallon wannan gaisuwar, a bayanta kuma Inna tana ƙunƙuni a madafa, wana yana kumbure-kumbure ya daina cin tuwon gida. Ni ba ni da haƙurin irin wannan. Na ce wa Inna me zai hana a faɗa mata kawai. Ta ce, "Rufe mana baki, mara kunya. Wa zai faɗa?" Amma ba ta kalle ni ba da ta faɗi haka, kuma ba ta ce kada a faɗa ba.

A makaranta an koya mana yadda sauro ke hayayyafa, har zane mun yi a littafi. Na kuma san doka ta hana shuka mai tsayi a cikin gidajen birni, ko da yake rabin unguwarmu suna yi, ba mai kai ƙarar wani. Na yago takarda daga tsakiyar littafin lissafi, na rubuta wa duba-gari cewa akwai wani gida a gindin dutse da masara da rama suka fi mutum tsayi, da tsohon tulu mai ruwa kwance. Na kwatanta ƙofar gidan sarai. Ban sa suna ba. Na ce za ni gidan ƙawata, na je na miƙa wa masinjan ofishinsu da hannuna. Ban yi gaggawa ba, ban kuma yi cikin fushi ba. Sau biyu na kwafe ta don rubutun ya fita.

Bayan kwana huɗu duba-gari biyu suka zo, mace da namiji. Namijin ya tsaya a zaure tare da Baba, tunda gidan kulle ne, macen ta shigo. Wata doguwa ce mai goro a baki. Ta leƙa randunanmu, ta leƙa bayan gida, sannan ta wuce kai tsaye ta ɗaga asabarin garka.

"Iya, wannan gona ce ko gida?"

"Ɗan kayan miya ne, 'yar nan."

"Kayan miya har da masara? Ai kura ma ta ɓuya a nan." Ta karkata tulun da ƙafa, ruwa ya zubo da tsutsotsi suna wutsil-wutsil. "Kin gani? Ku ne kuke kashe jikokinku da zazzaɓi."

Gwaggo ta ce, "Ba ni da jika."

"To na maƙwabta. Jibi zan dawo. In na tarar da ko kara ɗaya a tsaye, maigidan zai amsa kira a gaban alƙali."

Kalmar alƙali ita ta gama aikin. Gwaggo za ta iya jure gaisuwar Baba har shekara goma, amma ba za ta yarda a ce ƙanenta ya tsaya gaban shari'a saboda ita ba. Baba ya ce zai nemo 'yan ƙodago su sare. Ta ce ba wanda zai shigar mata da ƙafa, ba su san inda ake takawa ba. Washegari da hantsi ta ɗaura ɗamara ta shiga da lauje. Kuɓewar tana cikin fure, masarar ta fara goyo. Ta fara da rama, tana yanka tana jerawa a tsakar gida kamar wadda za ta kai kasuwa. Babu wanda ya taya ta, domin duk wanda ya taya kamar ya nuna yana so ne. Inna ta shige ɗaki. Ni ina zaune a kan turmi ina cin gyaɗa.

Da ta zo wucewa da rungumen masara ta tsaya a gabana.

"Ke 'yar boko, takardar da aka kai, da tawada aka rubuta ko da fensir?"

Na ce, "Da tawada."

Ta ce, "Madalla. An mori karatu." Ta wuce ta zuba wa awaki.

Ba ta gaya wa Baba ba. Bai kuma tambaya ba. A gidan da mutum ɗaya ne ya iya boko, me za a tambaya? Da yamma Inna ta ƙara mini nama a miya.

Tunda fili ya zama fili, maganar ta yi sauƙi. Bayan kaka Baba ya je ƙofarta ya ce, tunda hukuma ta hana shuka, kada wurin ya zauna a banza. Ta ce gidansa ne. Abu ɗaya ta roƙa, kada a haƙa harsashi ta kan yaran. Magini ya duba, ya ce zai matsar da bango ya bi jikin katanga, sai dai wuraren ukun za su faɗa cikin ɗaki. Aka ce ba laifi, ƙasa ce.

Na sake dawowa hutu ana saura mako biyu biki, ɗaki ya tashi, an yi rufi, saura daɓe. Daɓe aikin mata ne, kuma shagali ne. Aka yi gayya, matan unguwa suka cika gida tun safe, kowace da madaɓinta. An dama fura a babbar ƙwarya, an raba goro, an zuba marmara a ƙasan ɗakin an baje. Sai aka zo ga ruwan makuba, wanda ake yayyafawa ana duka don ƙasa ta kama ta yi ƙarfi. Duk unguwar an san ba mai haɗa makuba kamar Gwaggo. Tana ɗakinta ta saki labule. Wata maƙwabciyarmu mai faɗin baki, wadda ta san komai, ta je ta ɗaga labulen.

"Haba uwar ango, ɗanki zai yi aure kina kwance? Fito ki sa mana albarka, kada a ce baƙin ciki kike yi."

Mata suka yi shewa. Gwaggo ta fito. Ta jiƙa makubar, ta tace, ta ɗanɗana da harshe, ta ƙara ruwa. Ta shiga ɗakin da ƙwarya da tsintsiya tana yayyafawa, mata goma sha biyu a durƙushe suna bin ta da duka, suna waƙa suna zolayar amaryar da ba ta zo ba tukuna. Ƙasa tana amsawa har cikin ƙirji. Na lura tana bin gefe-gefe, tana tsallake gefen katanga. Maƙwabciyar ma ta lura.

"Gwaggo, nan ya bushe. Ko so kike ƙafar gadon amarya ta nutse?"

Ta tsaya kaɗan. Sannan ta tsoma tsintsiyar ta yayyafa a wurin, sau uku. Madaɓai suka sauka. Ɗaya daga cikinsu a hannuna yake, kuma ban sassauta ba, don an ce in aka sassauta daɓe yana tsagewa. Daɓen ya yi kyau ƙwarai. Dangin amarya da suka zo jere sai da suka tambayi wanda ya haɗa makubar.

Shekara biyar ke nan. Ina koyarwa yanzu, ina zuwa gida ranar Juma'a. Gwaggo ta tsufa da sauri, idonta ya yi hazo, ba ta ɗaga tulu. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Abin da ta koma yi shi ne labarin garka. Duk baƙuwar da ta zauna kusa da ita sai ta ji shi: shekarar da kabewa ɗaya ta gagari mutum biyu, yadda ƙamshin ƙasa yake in ruwan farko ya sauka a kan toka, yadda wannan 'yar, tana nuna ni, take bin ta tana rufe rami da ɗan diddigenta. Tana faɗa tana dariya har da hawaye. Baƙi su ce Allah sarki, su dube ni da sha'awa. Na fi son ta zage ni. Na gaya mata haka sau ɗaya, ta ce, "Zagin me? Ai ke ce kika fi kowa taya ni."

Wata ɗabi'a kuma ta ɓullo mata. Duk ranar da aka yi ruwan farko na shekara, sai ta lallaba ta yi sallama a ɗakin matar wana, ta zauna a ƙasa ta jingina da bangon gefen katanga. Daga baya abin ya wuce ranar ruwan farko, ya zama duk ranar da hadari ya haɗu. Matar wana tana da goyo ga wani cikin, kuma wani ya riga ya gaya mata abin da ke ƙarƙashin daɓenta. Ta ce wa mijinta tsohuwar da 'ya'yanta ba sa zama ba za ta riƙa zauna mata a ɗaki tana kallon ɗanta ba. Wana ya gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Baba, Baba ya je ya tsuguna ya yi gaisuwa ya tashi. Suka jira Juma'a.

Inna ta ce, "Ke ce mai bakin faɗa."

Na same ta tana tsinkar zogalen da aka sayo. Ban zauna ba.

"Gwaggo, an ce ki daina shiga ɗakin can. Matar ba ta so."

Ta ci gaba da tsinka. "Ita ta ce?"

"Ita ta ce. Kowa ma ya ce."

"To, na daina." Ta karkaɗe zanenta. "Amma ki roƙar mini ita abu ɗaya. Ta ɗan ja gadonta gaba, ko taki ɗaya ne. Ƙafar baya tana kan ƙaramin. Shi ko kwana bakwai bai yi ba."

Na ce zan faɗa. Na je na tsaya a bakin ɗakin na duba. Gadon ƙarfe ne mai rumfa, ga jeren tasoshi ya cinye bango guda, ga akwatuna. In aka ja shi gaba ƙofa ba za ta buɗe ba. Ban ga amfanin tayar da wata magana ba, na koma na ce wa Gwaggo an ja.