Zanen da ke Jikin Ƙofar Kicin

Mahaifina kafinta ne, kuma duk unguwarmu da Mai Awo aka san shi. Fensir a bayan kunne, tef ɗin awo da ɗan littafi a aljihu, haka na tashi na gan shi. Ba ya taɓa katako sai ya auna ya rubuta. Taƙamarsa a duniya guda ce: shekara arba'in yana shiga gidajen mutane, bai taɓa ɓata kayan kowa ba. Aibinsa kuwa, ba ya iya ganin abu a karkace ya kau da kai. Mahaifiyarmu kan ce ko asibiti aka kai shi, sai ya ɗaure ƙafar gadon kafin ya kwanta.

Da ƙanena ya gama karatu a ƙasar waje, ni na raka Baba bikin yaye shi, tunda ni ce mai ɗan jin yarensu. Otal ya fi ƙarfinmu, sai na kama mana hayar wani gida ta waya, kwana shida, a hawa na uku. Mai gidan mace ce, ba mu ma haɗu ba, ta bar mana makulli a wani ɗan akwati a bakin ƙofa. A kan tebur akwai takardar dokoki, gaba da baya. Baba ya ce in karanta masa duka, gidan mutane ne. Na karanta layi uku: ranar fitar da shara, ban da taba, ban da hayaniya. Gajiyar jirgi ta ci ƙarfina, na ajiye takardar na ce masa shi ke nan.

A rana ta uku muka fita sayayya da ƙanena, Baba ya ce gwiwarsa ba za ta iya benen nan ba. Da na dawo, tun daga bakin ƙofa na ji ƙanshin garin katako. Ya gano akwatin kayan aiki a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Kujerar da ke rawa ta daina, murfin durowa ya zauna daram. Ya ja ni kicin yana murmushi, ya nuna mini katakon gefen ƙofar, fes kamar yau aka kafa shi. Ya ce wani ya cika shi da zane-zanen biro da fensir, shi kuwa ya bi da samfefa ya goge, don baiwar Allah ta ga baƙin kirki ta sauka.

Sai na tuna da dokokin da ban ƙarasa karantawa ba. Na ɗauko takardar na juya bayanta. Layin ƙarshe da hannu aka rubuta shi, an ja masa layi biyu: don Allah kada a goge jikin ƙofar kicin, tsayin ɗana ne.

Na karanta masa. Ya zauna a kan kujerar da ya gyara, ya daɗe yana kallon hannunsa. Ni kuwa, abin da ya fito daga bakina har yau ina jin nauyinsa. Cewa na yi mu yi shiru, saura kwana uku, kafin ta gani mun yi nisa. Bai ɗaga kai ba.

"Kira ta, uwata," ya ce.

Ta zo washegari da safe, da kayan aikin asibiti a jikinta. Ta tsaya gaban ƙofar ta shafa katakon tun daga sama har ƙasa. Da ta zage mu da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce a gidan nan ta raini yaron, duk ranar da ya ƙara shekara sai ta tsayar da shi ta ja layi. Tun da ya rasu ta kasa kwana a ciki, ta kuma kasa sayarwa, shi ya sa take ba da haya. Na fassara wa Baba ina kallon ƙasa.

"Faɗa mata ni na ɓata," ya ce. "Hannuna ne."

Na faɗa mata yadda ya faɗa, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Nawa laifin na haɗiye shi.

Sai ya zaro ɗan littafinsa. Ashe hali zanen dutse, kafin ya goge sai da ya auna kowane layi daga ƙasa ya rubuta, har lambobin da ke gefe ya kwafe, don yana zaton awon wani kafinta ne da ya so kafa kanta. Ya durƙusa da wannan gwiwar tasa, ya ja tef, ya sa alama, ya miƙa mata fensirinsa. Ita ta ja layin, ta rubuta kwanan wata da hannunta. Haka suka yi har sau tara. Bayan na tara ya ƙara jan tef sama ya duba littafin, ya ga babu saura. Da ya miƙe tsaye, layin ƙarshen ko ƙirjinsa bai kai ba.

Ta ce ba irin na da ba ne, amma ta gode. Ta tafi da fensirin a hannunta, Baba bai tambaye ta ba.

Shekara biyu ke nan da dawowarmu, bai taɓa tayar mini da zancen takardar ba. Yana nan yana aikinsa, sai dai yanzu ko ƙofar ɗakin mahaifiyarmu ce ke kuka, sai ya tambaye ta kafin ya taɓa. Kwanan baya wani maƙwabci ya kawo baƙo shago, yana ta kuranta shi, wai ga Mai Awo, mutumin da bai taɓa ɓata kayan kowa ba.

"Ban da sau ɗaya," in ji Baba, ya ci gaba da aikinsa.

Ina tsaye a wurin da kwanon abincinsa a hannuna, kuma ranar ma ban ce komai ba.