Akushin Baba a Gwanjo

A garinmu idan aka ce an yi gwanjon kayan mutum, to ya shiga uku, jaje ake zuwa yi masa. Sai da na zo Abuja na ga gwanjon da ake sa babbar riga a je, a raba lemo a kofin gilashi, mutum ya sayi tsohuwar tukunya a tafa masa.

Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, kuɗi sun shigo gari, duk inda ka juya gini ake yi. Ni kuwa ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, ina haya a Mararaba, ciki da falo. Tun da asuba ina bakin titi ina kokawar shiga bas, in dawo da magariba ƙafafuna kamar ba nawa ba. Duk abin da aka tambaye ni a wannan lokacin sai in ce to, don kawai a ƙyale ni in zauna.

A irin wannan yammacin na rabu da akushin Baba. Shi kaɗai na ɗauko daga gida bayan rasuwarsa, baƙin akushi na itace da ya ci tuwo a ciki tun kafin a haife ni. Bakinsa ya taɓa tsagewa, Baba ya ɗinke shi da jar waya, ɗinki huɗu, na ƙarshen a karkace. A Mararaba albasa matata take zubawa a ciki. Muna da wani maƙwabci dattijo, manomi ne kafin birni ya cinye gonarsa, ya koma yawon ƙauyuka yana tattaro tsofaffin kaya yana kai wa masu shaguna. Ya hango akushin a bakin ƙofa, ya tambaye ni da 'yar Hausarsa.

"Oga, wannan abu madam yana aiki da shi?"

"Albasa ce a ciki."

"Ka ba ni. Zan kawo wa madam roba mai kyau."

Na ba shi. Washegari kuwa ya kawo robar, shuɗiya, har da murfi.

Matsalar ita ce babbar yayata, wadda ta raine ni. Ita ta yi shekaru tana wanke akushin nan, ita ya kamata ta riƙe shi, amma ta bar mini. Da wayar salula ta iso garinmu, duk Juma'a sai ta kira ni, kuma kafin ta ajiye sai ta ce, "Auta, akushin Baba yana nan dai ko?" In ce yana nan, Yaya. Na fi shekara ina wannan ƙaryar. Rannan ta ce idan zan zo Sallah in taho da shi, jikinta ya fara ƙi, tana so ta ci tuwo a ciki ko sau ɗaya ne. Na ruga wurin maƙwabcin. Ya ce ya sayar wa mai shago, mai shago ya sayar wa wani, daga nan sai Allah.

Ana haka ogana, daraktanmu, ya gama gidansa a Maitama yana neman abin ƙawata falo. Ya kira ni ya ce za a yi gwanjon kayan tarihi a wani otal ranar Asabar, shi kuma yana da tafiya. In je in zauna masa, in riƙe waya a kunne, duk lokacin da ya ce in ɗaga kati in ɗaga. Ya rubuta mini lambar abin da yake so. Ban ma tambayi ko mene ne ba, haushin Asabar ɗina da ta tafi kawai nake ji.

A otal ɗin na sami abin a kan farin ƙyalle, an haska shi da fitila, lambar oga a gabansa. Tun daga nesa na ga baƙin akushi ne. Na matsa na ƙirga ɗinkin, huɗu, na ƙarshen a karkace. A takardar da ke gefe an rubuta da Turanci wai kwanon tsafi ne na mutanen da, a cikinsa ake zuba wa iskoki jini. Baba, wanda ko ana ruwan sama sai ya je masallaci! Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sami matar da ke kula da wurin na ce mata akushin tuwo ne, na mahaifina. Ta yi murmushi ta ce, "Malam, ai suna kama da juna," ta juya wajen wani baƙo.

Farashin da aka fara da shi ya wuce albashina. Mu uku muka rage, ni da wata Baturiya da wani alhaji mai sanda. Oga yana ta ihu a kunnena, "Ɗaga! Ɗaga mana!" Ina ɗagawa. Da mai gwanjon ya buga gudumarsa, jama'a suka juyo suna tafa mini. Aka sa shi a kwali, na rungume shi a cinya har Maitama, na miƙa wa mai gadi.

Ran Litinin na shiga ofis da niyyar faɗa wa oga gaskiya.

"Yallaɓai, wannan akushin..."

"Ka ga kaya ko? Orijinal ne. Tun kafin zuwan Turawa."

Wayarsa ta yi ƙara, ya yi mini alama da hannu in tafi. Na tafi. Ko da na faɗa, me zan ce ya yi? Ya ba ni?

Da Juma'a ta zo ban jira Yaya ta tambaya ba. Na gaya mata komai, har robar. Da na gama sai ta tambaye ni ogan.

"Yana cin tuwo a ciki?"

"A'a, Yaya. A akwatin gilashi aka sa shi, ɗakin kullum da sanyin na'ura."

"To ka ce masa ya riƙa shafa masa man kaɗe duk wata. In ba haka ba zai bushe ya sake tsagewa."

Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma sake tambayar akushin ba har Allah ya yi mata rasuwa. Na ƙara shekara shida ina kai wa mutumin nan fayil, ban taɓa isar da saƙonta ba.