Ranar da Iya Habsu Ta Tsayar da Mahaifinta

Da kakar bana shekara arba'in da shida ke nan da rasuwar Iya Habsu, kakata ta wajen uba. Ta rasu ana tsakar yankan gero, tana da shekara casa'in da wani abu, ba wanda ya san adadin, ita ma ba ta sani ba. Ni a lokacin ban daɗe da fara koyarwa a lakwal ba, wato makarantar boko. Duk shekara in kaka ta zo nakan dama fura in yi mata sadaka, in yi addu'a, hankalina kwance. Shekara uku ke nan hankalin ya ƙi kwanciya, kuma dalilin nake so in faɗa wa masu karatu, ko da zai zubar mini da mutunci.

Iya ta taso a wani gari gabas da Yekuwa, wanda yanzu kufai ne, shekaru kaɗan kafin Nasara su shigo Damagaram. Zamanin yaƙe-yaƙe ne. Duk sanda runduna za ta fita, sai jakada ya zo daga sama ya ce wa mai gari a ba da samari masu ɗaukar kaya. Mai garinsu, Gagare, yana da 'ya'ya maza majiya ƙarfi. Sau biyu jakada yana zuwa, sau biyu ana wayar gari a ce 'ya'yan Gagare sun tafi fatauci, sai a tura 'ya'yan talakawa. A karo na biyu aka tafi da Ilu, yayan Iya. Bai dawo ba, ba a kuma samu wanda ya ce ya ga gawarsa ba.

Dattawa suka je wa Gagare da maganar. Ya ce daga sama aka aiko masa da rawani, mai ja ya tafi can ya ja. Ba wanda ya zage shi. Suka bari aka gama girbi, sannan wata safiya, kowa yana gani, maza suka shiga cire jinkar ɗakunansu. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iya ta ce ranar ta ga maganar da idonta, ɗakuna suna tafiya cikin gonaki da ƙafafun mutane, mata na biye da tukwane da awaki. Gagare ya tsaya ƙofar gidansa yana kiran magidanta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ba wanda ya waiwaya. Fiye da rabin gari ya tashi.

Inda suka sauka, nan ne garinmu na yau. Suka zaɓi Nomau, mahaifin Iya, ya zama mai gari, amma da sharaɗi. Duk shekara in hatsi ya shiga rumbu, zai zo gindin tsamiya ya cire rawaninsa ya ajiye a kan tabarma, shi kuma ya zauna a ƙasa. Duk mai magana ya faɗi tasa. Sai an gama, babban dattijon gari ya ɗauki rawanin ya mayar masa, in jama'a ta yarda.

Shekara uku abin yana tafiya lafiya. A ta huɗu damana ta gaza, rijiyoyi suka ja baya. Ta kusa da gari ce kaɗai ta riƙe ruwan kirki, sai Nomau ya sa aka kewaye ta da ƙaya, ya ce ta dabbobinsa ce da na surukinsa, wato mahaifin mijin Iya. Sauran mata suka koma tafiya mai nisa da tulu a ka. Wata mai juna biyu ta yi ɓari a hanya.

Ranar zaman tsamiya ta zo, rawani yana kan tabarma, maza suka yi tsit. Mutumin da ya fito da su daga hannun Gagare, wa zai iya kallon idonsa? Mata ba sa magana a wurin, bayan zana suke tsayawa su saurara. Iya, da goyonta na fari a baya, ta ɗaga zanan ta fito.

Ta durƙusa ta ce, "Baba, ƙayar da ke bakin rijiya, wa ya sa ta?"

Ya ce, "Koma ciki, Habsu."

Ta ce, "Zan koma, Baba. Amma Gagare 'ya'yansa ya ɓoye, kai kuma ruwa ka ɓoye. To saboda me muka ɗauko jinka?"

Dattijon da zai mayar da rawani ya naɗe hannuwansa, bai motsa ba. Da ya ga haka, Nomau ya tashi kansa babu komai, ya nufi rijiya, jama'a na bin sa. Da hannunsa ya janye ƙayar har tafinsa ya yi jini. A nan bakin rijiya aka mayar masa da rawani.

In an ba da labarin a gidanmu, nan ake tsayawa. Iya ba ta tsayawa nan. Takan ce daga ranar mahaifinta bai ƙara cin tuwon da ta tuƙa ba, kuma har ya koma ga Allah in ta gaishe shi sai dai ya ɗaga mata hannu. Dangin mijinta suka yi shekaru suna kiranta mai tsaurin ido. Na taɓa tambayarta, tana kaɗi a inuwar rumbu, ko ta yi nadama. Ba ta ɗago daga mazarinta ba ta ce, "Kullum. Amma da za a sake, da na sake."

Bayan zuwan Nasara zaman tsamiya ya mutu. Mai gari ya koma kallon kwamandan, babban Nasaran da ke mulkin yankin, tunda shi ke naɗawa shi ke tuɓewa. Mai ba ka rawani shi kake jin tsoro. Iya ta faɗi wannan tun ban san mene ne zaɓe ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Da an gaya mata cewa yanzu talaka da kansa yake naɗawa, da ɗan yatsansa da tawada, har mata ma, da ta yi guɗa. Amma na san tambayar da za ta biyo baya: to yaushe wanda aka naɗa yake zama a ƙasa? Sai mu ce mata sai bayan shekara biyar. Sai ta ce, in ya tare ruwa a shekarar farko fa? Nan bakinmu zai mutu. Tashi ma yanzu babu inda za a tashi a je. Daga nan har iyaka, ko ta Sassumbrum ko ta Dungas, babu dajin da ba shi da mai shi.

Bayan na bar koyarwa, matan yankinmu suka tsayar da ni, aka zaɓe ni konseye, wato mai wakiltarsu a majalisar komin, ƙaramar hukumarmu. Na shiga da zafina. A zaman farko na kawo shawara cewa duk bayan girbi kowane konseye ya koma ƙauyukan da suka zaɓe shi ya zauna a tambaye shi. Na ce duk takardar da ta shafi gona ko rijiya ko burtali a karanta ta da Hausa ranar kasuwa kafin mu ɗaga mata hannu. Aka yi dariya, wani ya ce Madam ta ɗauka har yanzu a aji take. Na yi fushi, na riƙa ganin kaina ni kaɗai ce mai gaskiya a ɗakin. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A shekarata ta ƙarshe mijina ya kwanta ciwo mai tsanani. Wani attajiri, ba zan faɗi sunansa ba, ya ba da motarsa aka kai shi asibiti a Damagaram, ya yi mana ɗawainiya har Allah ya ba shi sauƙi. Bai roƙe ni komai ba. Bayan wata biyar sai ga takarda a majalisa: a ba wani mutum kwarin da ke bayan wani ƙauye ya yi garka, wato lambu, ta zamani, ya kewaye da waya. A kwarin nan ne matan ƙauyen suke noman rani, albasa da kabeji da ɗan rake, tun kakanninsu. Da Faransanci aka karanta takardar, da sauri. Wasu abokan zamana ba su fahimci rabinta ba. Ni na fahimta sarai, na kuma ji sunan mai garkar: attajirin nan ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ɗaga hannu.

Ba wanda ya san yadda kowa ya yi, don ba a rubuta suna, hannuwa kawai ake dubawa. Na yi watanni ina kauce wa hanyar ƙauyen. Rannan a kasuwar Guci, ina tsugune ina zaɓen wake, sai wata mata ta tsaya a kaina. Zinaru sunanta, bazawara mai 'ya'ya biyar, ɗaya daga cikin waɗanda suka bi gida gida suna nema mini ƙuri'a.

Ta ce, "Madam, an ce ku goma sha wani abu ne a ɗakin, ba mu san wanda ya yarda da wanda ya ƙi ba. Mun ce wa juna ke dai ba za ki yarda ba. Haka ne?"

Da na ce haka ne, da ta tafi tana sa mini albarka. Na dubi waken da ke hannuna. Na ce, "Na yarda, Zinaru."

Ta ce, "To ba ni kaɗai za ki gaya wa ba. Alhamis muna jiranki."

Na je. Sun taru a bakin wayar, ana hango shukar mutumin kore shar a inda lambunansu suke a da. Sun shimfiɗa mini tabarma, na kasa hawa, na zauna a rairayi. Na faɗi komai, har maganar mota da ciwon mijina. Wata tsohuwa ta ce da ita ce ma wataƙila haka za ta yi. Wata ta ce to ai nata mijin ma yana kwance, kuma da albasar kwarin nan take ciyar da shi. Na nemi gafara. Zinaru ta ce, "Mun ji. Gafara ba yau ba, sai ranar da wayar nan ta faɗi. Ke kin san takarda, mu ba mu sani ba. Ki bi mana ita, ki riƙa zuwa kina gaya mana inda ta kwana."

Ba su sake zaɓena ba, kuma sun yi daidai. Abin da nake kira gare shi yanzu ba daga littafi na samo shi ba, daga kunyata na samo shi. A rubuta sunan kowane zaɓaɓɓe da abin da ya ɗaga wa hannu, a karanta a rediyo da harshen mutane. Wanda mai neman abu ya taɓa yi wa alheri ya faɗa, ya fita daga ɗakin kafin a yanke. Kuma jama'a su samu hanyar sauke wanda suka ɗora ba sai wa'adinsa ya cika ba, konseye ne, magajin gari ne ko depite na majalisar ƙasa. Da akwai ko ɗaya daga cikin waɗannan, da hannuna bai tashi ba ranar, ba don na fi haka kirki ba, sai don na san za a gani. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu ma masu zaɓe da namu: in ɓera da sata, daddawa ma da wari, muna karɓar turmin zane da sabulu ranar kamfe sannan mu yi mamakin an manta da mu.

Me ya rage na Iya Habsu? Kabarinta ya baje, ko ni ba zan iya nuna shi daidai ba. Jikokinta sun gaji tsawonta da kaifin harshenta, ni har da labarinta na haddace, na yi shekaru ina ba 'yan lakwal, amma ranar da aka gwada ni labarin bai riƙe mini hannu ba. Ashe irin wannan hali ba a gadonsa ta jini. Zinaru ba danginmu ba ce, ba ta taɓa jin sunan Iya ba, amma ranar da ta tsaya a kaina a kasuwa na gane muryar. Allah ya jiƙan Iya, ya sa ta huta, ko da mu ba mu huta ba.

Wayar tana nan tsaye. Makon jiya aka ce mini takardar kukanmu ta koma wani biro, wato wani ofis, mai sa hannu kuma ya yi tafiya. Jibi Alhamis ce. Zan hau moto in je in gaya musu haka, da bakina.